Jirgin Sama Ba Shi Da Karen Mota

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, direban babbar mota ne. Shekara da shekaru yana ɗaukar wake da albasa daga Kano zuwa Legas, ya juyo da duk abin da ya samu. Ina yaro na taɓa bin sa sau biyu lokacin hutun makaranta, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai daga tafiyar nan shi ne karen motarsa, wani siririn saurayi mai yawan surutu. Aikinsa na rana kowa ya san shi: sa weji, duba taya, ɗaure tamfol. Amma ainihin aikinsa da dare yake. In an haye gadar Jebba dare ya raba, shi zai ɓare goro ya miƙa, ya yi ta jan Baba da hirar da ba kai ba gindi, in ya ga kansa ya fara rinjaya sai ya taɓa masa kafaɗa ya ce, "Maigida, mu tsaya mu sha shayi."

Ni kuma Allah ya yi ni ɗan Kantin Kwari. Sau biyu ko uku a shekara nakan hau jirgi in je sarin kaya, galibi ta Adis Ababa. A da, jirgi na ɗagawa nake jan hula in rufe fuska, sai an tashe ni cin abinci. Watan Agustan 2022 ne ya raba ni da wannan barcin.

Ranar 15 ga watan, wani Boeing 737 na kamfanin Ethiopian Airlines ya taso daga Khartum zai sauka Adis Ababa. Ya iso inda ya kamata ya fara gangarowa, bai gangaro ba. Masu kula da zirga-zirgar jirage suka yi ta kira, shiru. Jirgin ya bi ta saman filin yana ƙafa 37,000 ya wuce abinsa. Rahotanni suka ce barci ne ya kwashe matuƙan duka biyun, kuma ƙarar da na'urar tuƙi ta yi lokacin da ta saki jirgin ce ta farkar da su. Bayan kamar minti 25 suka sauka lafiya, kamfanin ya dakatar da su ya ce zai yi bincike.

A kasuwa an sha dariya ranar. Wannan ya ce a riƙa raba musu goro, wancan ya ce ai barci ɓarawo ne ko a sararin samaniya. Na taya su dariya, amma tawa iyakarta leɓe. Tambaya ɗaya ce ta tsaya mini a wuya: in matuƙi ya yi shiru a can sama, wa zai taɓa masa kafaɗa?

A layinmu akwai wani dattijo da ya yi wannan aikin na kula da jirage har ya yi ritaya. A kwalejin Zariya ya yi horo. Mutum ne marar son magana, wai ya ƙarar da tasa a bakin rediyo. Na same shi a kan dakalinsa bayan la'asar, na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa abin da ke cina.

Ya ce, "Ɗana, jirgi ya yi shiru ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yawanci abin bai taka kara ya karya ba."

Ya yi mini bayani. An yanka sararin sama gunduwa-gunduwa kamar gonaki, kowane yanki da mai kula da shi da tashar rediyonsa. In jirgi zai bar yankinka sai ka ba shi lambar tashar maƙwabcinka ya koma can. Lamba ɗaya matuƙi zai murɗa ba daidai ba, shi ke nan ya faɗa inda ba kowa, yana ta tafiya yana jin daɗin yadda dare ya yi tsit. Don haka ba a fara da ihu. Ka sake kira. Ka ce wa wanda ya miƙo maka shi ya gwada tsohuwar tasha. Ka kira a 121.5, tashar gaggawa da ake so kowane jirgi ya bar kunne ɗaya a kanta. Ka roƙi wani jirgin da ke kusa ya kira maka shi, don na sama ya fi jin na sama. Ka buga wa kamfaninsu waya su tura masa rubutaccen saƙo cikin ɗakin tuƙi. Akwai ma dabarar da ta burge ni: ka ce masa, in kana jina amma ba ka iya amsawa, danna maɓallin da zai sa alamarka ta yi walƙiya a allon rada, ko ka karkata dama kaɗan. In alamar ta motsa, kunnensa lafiya, bakinsa ne ya mutu. Shi ma matuƙin yana da lambobin da zai sa a na'urarsa su yi magana a madadinsa: 7600 rediyo ta lalace, 7700 ana cikin tashin hankali, 7500 an yi fashin jirgi.

Na ce, "To Baba, in an yi duk wannan bai amsa ba fa?"

"Sai a ɗaga waya a gaya wa soja."

"Daga nan kuma?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Daga nan sai ka kawar da sauran jirage daga hanyarsa, ka zuba ido."

Wannan amsar ce ta sa na shiga karance-karance a waya, dare da rana, har uwargida ta fara tambaya ko sana'a zan canza.

Wasu labaran kam dariya ce ƙarshensu. A watan Oktoban 2009 wani jirgin Northwest Airlines da ya tashi daga San Diego zuwa Minneapolis a Amurka ya yi fiye da awa guda ba ya amsa kira, ya zarce garin da kusan mil 150. Har an sa jiragen yaƙi cikin shiri. Matuƙan suka ce ba barci suke ba, kwamfutocinsu suka buɗe suna nazarin sabon tsarin rabon aiki, hira ta ɗauke su. Wata ma'aikaciyar jirgin ce ta kira su tana tambayar yaushe za a sauka, sannan suka farga. Ko da suka dawo kan rediyo masu kula ba su saki jiki ba, sai da suka sa su juya nan su juya can, don a tabbatar ba wani ne ya ɗora musu wuƙa a wuya ba. An ƙwace lasisinsu. A Indonesiya kuma, cikin Janairun 2024, babban matuƙin wani jirgin Batik Air ya nemi izinin mataimakinsa ya ɗan runtsa, abin da doka ta yarda da shi a ƙasashe da dama. Mataimakin kuwa tagwaye aka haifa masa, watansu ɗaya. Duk wanda ya taɓa kwana ɗaki ɗaya da jariri ya san sauran labarin. Minti 28 suka yi suna barci tare.

Amma akwai shirun da ba a farkawa daga gare shi, kuma labarin da ya hana ni sakat shi ne na jirgin Helios mai lamba 522.

Ranar 14 ga Agusta 2005, da ƙarfe 9:07 na safe, Boeing 737 ya tashi daga Larnaca a tsibirin Saifurus, zai ya da zango a Atina babban birnin Girka ya wuce Prague. Mutum 121 ne a ciki. A can sama iska ba ta da kauri, ba ta isar ɗan'adam, don haka jirgi hura cikinsa yake da iska kamar yadda mai faci ke hura taya, ta yadda ko yana ƙafa 35,000 ku na ciki kuna numfashi kamar kuna kan dutse mai tsayin ƙafa 8,000 ko ƙasa da haka. Akwai ɗan maɓallin da ke sa jirgin ya kula da wannan da kansa. Da daddare injiniya ya gwada wata ƙofa da aka yi ƙorafi a kanta, ya murɗa maɓallin zuwa na hannu, ba a mayar da shi ba. Sau uku matuƙan suna bin jerin abubuwan dubawa, sau uku idonsu yana tsallake shi.

Jirgi na hawa, ƙaho ya fara kuka. Abin takaici, a wannan samfurin ƙarar da ke cewa iska ta yi ƙaranci iri ɗaya ce da wadda ke gargaɗin cewa ba a shirya jirgi daidai don tashi ba. Suka ɗauka waccan ce ta rikice. Babban matuƙin ya kira ofishin kamfaninsu, injiniyan ya tambaye shi kai tsaye ko maɓallin iskar yana inda ya kamata. Bai amsa tambayar ba, sai ya shiga tambayar inda wasu fiyus suke. Maganarsa ta ƙarshe ke nan, minti goma sha uku da tashi.

Da na fara karanta wurin nan haushi na ji. Mutum an gaya maka maganin ciwonka a kunne, ka kama wata magana? Sai na tuna wani sanyi da muka yi ina saurayi, mu uku muna kwana a shago. Muka hura gawayi a kasko, muka ja ƙofa muka toshe taga da kwali. Ban ji tsoro ko kaɗan ba. Daɗi na ji, jiki ya mutu, kai ya yi nauyi. Ina kallon abokina ya kife a kan dila, amma ko a raina ban kawo cewa wani abu ne ba. Mai gadi ne Allah ya turo ya buga ƙofa neman ashana. Kwana biyu na yi kaina kamar zai tsage. Hayaƙin gawayi daban, ƙarancin iskar sama daban, amma yunwar da ƙwaƙwalwa ke shiga ɗaya ce, kuma abin da take fara rasawa shi ne hankalin da za ta gane tana cikin haɗari. Masana sun ce a ƙafa 35,000 mutum yana da daƙiƙa 30 zuwa 60 ne kacal na cikakken hankali in ba oksijin. Tun daga ranar na daina jin haushin matuƙin nan.

A wajen fasinjoji takunkuman oksijin sun zubo daga sama, amma na minti goma sha wani abu ne, an yi su ne don a samu a gangaro ƙasa. Ba wanda ya gangaro da su. Na'urar tuƙi ta kai jirgin ƙafa 34,000 kamar yadda aka umarce ta, ta miƙe da shi har sararin Girka, ta iso kusa da Atina ta shiga zagaye tana jiran umarnin da ba mai bayarwa. Ana ta kira daga ƙasa. Da ƙarfe 11:24 jiragen yaƙi biyu samfurin F-16 suka riske shi, wato awa biyu bayan kalmar ƙarshe.

Akwai yaren da ake yi da fukafukai a irin wannan haɗuwa, kuma duk matuƙin duniya ya san shi. Jirgin yaƙi zai zo ta hagu, ɓangaren da babban matuƙi ke zama, ya ɗan shiga gaba, ya kaɗa fukafukansa. Ma'ana: na tare ka, biyo ni. Kai ma sai ka kaɗa naka. Jirgin Helios bai kaɗa ba. Sojan ya matso ya leƙa. Kujerar babban matuƙi ba kowa, mataimaki ya kife a kan abin tuƙi, ta tagogi kuma ana hango takunkumai suna lilo.

Da 11:49 sai suka ga mutum ya shigo ɗakin ya zauna a kujerar matuƙi. Andreas Prodromou ne, ma'aikacin jirgin, wanda ya rayu da tulunan oksijin na hannu. Yana da lasisin tuƙi, amma bai koyi wannan babban jirgin ba. Ya ɗaga wa sojan hannu. Minti ɗaya da zamansa injin hagu ya mutu, mai ya ƙare. Na'urar naɗar murya ta riƙe muryarsa yana kiran neman agaji, amma ba wanda ya ji shi, rediyon tana kan tashar da aka baro tun safe. Injin dama ya bi sahu. Da 12:04 jirgin ya faɗi a tsaunukan Grammatiko, arewa da Atina. Ba wanda ya fita.

Na daɗe ina tunanin sojan nan. Yana cikin jirgin da ya fi sauti gudu, ɗauke da makamai, tazarar da ke tsakaninsa da mutumin da ke ɗaga masa hannu ba ta wuce daga nan zuwa bakin layi ba. Minti arba'in yana gefensu. Ko igiya ba zai iya jefa musu ba. Mu a nan in baƙo zai tafi mukan taka masa zuwa bakin hanya mu juyo. Abin da ya yi ke nan, rakiya.

Haka aka yi a Oktoban 1999 da ƙaramin jirgin da ya ɗauko zakaran wasan golf Payne Stewart daga Florida. Sojoji suka tarar tagoginsa sun yi ƙanƙara ta ciki, ya yi ta tafiya kusan awa huɗu har mai ya ƙare ya faɗi a wani fili a Dakota ta Kudu da mutum shida. Haka kuma ranar 4 ga Yunin 2023, da wani ƙaramin Cessna ya je har New York bai sauka ba, ya juyo ya bi ta saman Washinton. F-16 suka taso da gudun da ya sa mutanen birnin suka ji ƙara kamar tashin bam. Suka harba masa tartsatsin wuta don jan hankali, suka hango matuƙin a kife. Ya faɗi a dazukan Virginia da mutum huɗu, har da yarinya 'yar shekara biyu.

A nan na gane wani abu da ban so ganewa ba. Jirgin yaƙin da ake tasowa ba domin mu na ciki ake taso shi ba. Yana zuwa ne ya ga ko suma ce, ko barci, ko fashi, kuma ya tsaya tsakanin jirgin da mutanen da ke ƙasa. Tun harin 11 ga Satumba 2001 duk jirgin da ya yi shiru ana masa kallon abin da zai iya zama makami. Gaba kura baya sayaki: a bar shi ya faɗa kan gari, ko a harbo shi da bayin Allah a ciki? Jamusawa sun taɓa yin dokar da ta ba gwamnati ikon harbo jirgin da aka sace in za a kashe mutane da shi. Ranar 15 ga Fabrairu 2006 kotun tsarin mulkinsu ta soke wannan sashe, bisa hujjar cewa hukuma ba ta da ikon mayar da ran fasinjan da bai ji ba bai gani ba abin lissafi. Ni dai a matsayina na mai zama a kujerar tsakiya, hukuncin ya yi mini. Amma ina da gida da 'ya'ya a ƙarƙashin hanyar da jirage ke bi su sauka Kano, kuma in na tsaya a tsakar gida na ɗaga kai, ra'ayin nawa yakan yi rawa.

(Ba ko'ina ne ma ake samun 'yan rakiyar a kan lokaci ba. A Fabrairun 2014 wani mataimakin matuƙi ya kulle maigidansa, wato babban matuƙi, a waje ya karkatar da jirgin da zai je Rum zuwa Janiba ta ƙasar Suwizalan don neman mafaka. Da asuba abin ya faru, sojojin saman Suwizalan kuwa a lokacin sai ƙarfe takwas suke buɗe ofis. Italiya da Faransa ne suka yi musu rakiyar. Sun gyara daga baya, amma na ji sanyi a raina da na ga ba mu kaɗai ne ake ce wa a dawo gobe ba.)

Maganar kulle ƙofa kuwa ita ce ta fi ɗaure mini kai. Bayan 2001 an mayar da ƙofar ɗakin tuƙi kamar ta banki, don kada ɗan fashi ya shiga. Ta yi aikinta. Amma ranar 24 ga Maris 2015, a jirgin Germanwings da ya taso daga Basalona, mugun yana ciki ne. Mataimakin ya jira babban matuƙi ya fita bayan gida, ya kulle, ya saita jirgin ya nufi duwatsun Faransa. Masu kula a Marseille suna kira, maigidansa yana dukan ƙofa, shi kuwa numfashinsa kawai na'ura ta naɗa. Mutum 150 suka mutu. Daga nan aka ce dole a riƙa barin mutum biyu a ɗakin kowane lokaci, bayan 'yan shekaru kamfanonin Turai da yawa suka sassauta. A Fabrairun 2024 wani jirgin Lufthansa daga Frankfurt zuwa Seville ya yi kusan minti goma ba mai tuƙi: babba ya fita, ƙarami ya suma shi kaɗai. Allah ya sa ya farfaɗo ya buɗe, suka sauka a Madrid. Shi ya sa in na ji masu ƙera jirage suna maganar a rage matuƙa a bar mutum ɗaya a tsakiyar tafiya don a rage kashe kuɗi, nakan ce waɗannan ba su taɓa bin motar dare ba.

Ba cewa nake na'ura ba ta da amfani ba. Bayan Helios an tilasta ƙara fitilun da za su bambanta gargaɗin nan biyu a tsofaffin 737. Akwai sababbin jirage irin Airbus A350 da in iska ta zube matuƙa ba su motsa ba, da kansu za su gangaro inda ake iya numfashi. Kamfanin Garmin ma ya yi wa ƙananan jirage na'urar da za ta zaɓi fili, ta yi wa masu kula magana, ta sauke jirgin ta taka birki. Amma yawancin jiragen da ni da 'yan'uwana 'yan kasuwa muke hawa ba su kai nan ba tukuna.

Na koma wajen dattijon nan da duk abin da na tattaro, ina ta zuba kamar ni na yi aikin. Ya bar ni na gama. Na ce, "Baba, kai ka taɓa samun wanda bai amsa ba har ƙarshe?"

Ya ce Allah bai nuna masa ba. Mafi tsawo da ya gani wani dare ne, jirgi mai ratsawa daga arewa zuwa kudu, ya yi ta kira har muryarsa ta fara canzawa. Can sai ga matuƙin ya dawo, ya yi masa barka da dare, ya ba da haƙuri a taƙaice kamar wanda ya taka maka takalmi a masallaci.

"Me ka ce masa?"

"Me zan ce? Na ba shi lambar tasha ta gaba na yi masa sai da safe. Amma da na ɗauki kofin shayi, rabi a riga ya ƙare."

Har na miƙe zan tafi ya kira ni. Ya ce in na sake hawa jirgin dare in lura da wayar da ke maƙale a bango kusa da ƙofar gaba. A kamfanoni da yawa an ɗora wa ma'aikata su riƙa kiran ɗakin tuƙi lokaci-lokaci, ko ba komai, don dai a ji murya.

A tafiyata ta watan jiya na biya ƙarin kuɗi aka ba ni kujera ta gefen hanya, can gaba inda labule bai rufe ba. Wajen ƙarfe biyu na dare an kashe fitilu, na kusa da ni yana ta minshari, na ga wata ma'aikaciya ta ajiye tiren da ke hannunta ta ɗauki wayar. Ta danna, ta tsaya. Na ƙirga a zuci, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Sai na ga bakinta ya motsa, ta yi 'yar dariya, ta mayar da wayar, ta shiga haɗa kofi biyu.

Na ja hulata.